Kwana 69 a cikin dutse: yadda aka ciro mahaƙa 33 daga ramin San José

A ranar Alhamis, 5 ga Agusta 2010, wajen ƙarfe biyu na rana, wani ƙaton dutse ya ɓalle a cikin ramin haƙar tagulla da zinare na San José, a hamadar Atacama da ke arewacin Chile, kimanin kilomita 45 daga garin Copiapó. An ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 700,000. Ya zamo ƙasa ya datse hanyar da motoci ke bi su shiga su fita, ya rufe mutum 33 a ciki: 32 'yan Chile, ɗaya ɗan Bolibiya mai suna Carlos Mamani, wanda bai fi 'yan kwanaki da fara aiki a wurin ba. Babbansu, Mario Gómez, shekararsa 63. Ƙaraminsu, Jimmy Sánchez, 19. Dukansu sun fito da ransu bayan kwana 69.

Abin da yawancin mutane suka riƙe daga wannan labari shi ne daren ƙarshe: kejin ƙarfe mai launin tutar Chile yana fitowa daga rami, shugaban ƙasa Sebastián Piñera yana rungumar kowa, ana kuka ana tafi. Wannan daren kuwa a nan ne haɗari ya fi ƙanƙanta a duk aikin, domin an riga an gwada komai an sake gwadawa. Gumurzun gaske an yi shi ne a kwana 17 na farko, lokacin da babu wanda ya san ko akwai mai rai a ƙasa, sai kuma makonnin da injin haƙa ya yi yana cin dutse yana karyewa. Mai son ya gane yadda aka yi suka tsira, can zai duba.

San José tsohuwar mahaƙa ce, tun 1889 ake aiki a cikinta. Ba da lif ake sauka ba. Hanya ce guda mai faɗin da babbar mota za ta wuce, tana kewayawa tana gangarawa cikin tsauni, daga gefenta kuma ramuka sun rarrabu zuwa inda ake fasa ma'adini. Inda mutanen suke ya kai zurfin mita 700 in an auna a miƙe daga sama, amma ta hanyar motar tafiyar kusan kilomita 5 ce daga bakin rami. Tsaunin da aka yi fiye da shekara ɗari ana sassaƙar cikinsa ya cika da kogwanni, kuma duk dutsen da aka cire, nauyin da yake ɗauke da shi yana komawa kan na kusa da shi ne. Ma'aikatan sun ce tun safiyar ranar suke jin tsaunin yana ƙara.

Mahaƙa irin wannan dole ta kasance da mafita ta biyu. A San José mafitar ita ce ramukan shan iska, waɗanda aka huda a tsaye suna haɗa wani hawa da wani. An rufe wurin a 2007 bayan wani hatsari da ya ci rai, aka sake buɗe shi a 2008 bisa sharuɗɗa, ciki har da kafa tsani a ramin iskar. Da ƙura ta lafa, wasu daga cikin mutanen suka hau ramin suna neman hanya. Suka ɗan yi sama, tsani ya ƙare. Ba a kammala shi ba. Kwana biyu wannan ramin yana buɗe, sai ranar 7 ga Agusta, masu ceto suna ƙoƙarin sauka ta cikinsa daga sama, dutsen ya sake motsawa ya toshe shi. Da tsanin ya cika, akwai kyakkyawan zato cewa a cikin waɗannan kwana biyu da sun hauro da ƙafarsu, kuma da babu wanda zai ji sunan San José a wajen Chile.

Abin da ke kashe wanda rami ya rufta da shi yana da jeri: iska, zafi, ruwa, sannan abinci. A iska sun yi sa'a. Akwai ɗakin mafaka mai faɗin murabba'in mita 50 da aka tanada don irin wannan rana, amma iska ba ta zagayawa a cikinsa, ga mutum 33, don haka suka koma kwana a kan hanyar motar. Kusan kilomita 2 na ramuka suna buɗe gare su. Wannan shi ya cece su, domin a wuri rufaffe iskar da mutum ke fitarwa daga huhu ita ke fara taruwa ta sa ciwon kai da ruɗewa da suma, tun kafin iskar shaƙa ta ƙare. Babban mutum a zaune yana cin wajen lita 500 na iskar oksijin a yini. Mutum 33 a ƙaramin ɗaki ba za su daɗe ba, amma a ramin da babbar mota ke bi, mai tsawon kilomita biyu, wanda kuma iska ke ɗan kutsowa cikinsa ta tsage-tsagen dutse, lissafin ya canza.

Zafi ya haura digiri 30 dare da rana, ga danshi mai yawa. A irin wannan yanayi gumi yana zuba amma ba ya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba ba ya sanyaya jiki, ruwa kawai yake zuƙewa daga mutum. Ruwan kwalba da ke mafakar kaɗan ne ƙwarai. Abin da suka sha shi ne ruwan da aka tara a tankuna don sanyaya injinan fasa dutse, da na lagireton motoci: mai datti, mai warin mai. Ya dame wa wasu ciki, amma ba don shi ba da ba su wuce kwana uku zuwa huɗu ba. Fitilun hular kwano kuwa da batiran motoci suke caja su.

Abincin mafakar an tanade shi ne don 'yan mutane su ci kwana biyu ko uku: gwangwanayen kifin tuna, biskit, madara, da ɗan abin da ba a rasa ba. Shugaban aikin ranar, Luis Urzúa, da sauran dattawan cikinsu suka tsayar da rabo: cokali biyu na kifi, kurɓin madara, da ɓarin biskit, sau ɗaya a sa'a 48. Ya kamata a fahimci cewa wannan ba abinci ba ne ta fuskar jiki. Mutum yana buƙatar fiye da kalori 2,000 a yini, abin da suke samu kuwa ɗan mitsitsi ne daga ciki. Jikinsu ya ƙone sukarin da hanta ta ajiye a cikin kwana ɗaya ko biyu, ya koma kan kitse, daga nan ya fara cin tsoka. Kowannensu ya rasa kimanin kilo 8. Amfanin cokali biyun yana wani wuri: ya hana mai ƙarfi danne mai rauni, ya ba su wani abu da za su jira, ya kuma tara su wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Manyan shawarwari da ƙuri'a suke yanke su, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. An yi saɓani, an yi faɗa, wasu sun rubuta wasiƙun ban kwana. Amma tsarin bai rushe ba, kuma a ganina wannan ya fi duk wata jarumta ta mutum ɗaya da aka ba da labarinta daga baya.

Sun yi ƙoƙarin sanar da na sama cewa suna raye. Sun danna odar motoci, sun ƙona tayoyi don hayaƙi ya hau, sun tayar da nakiya. Babu abin da ya ratsa mita 700 na dutse. Su kuwa suna jin ƙarar injinan haƙa daga sama, ta matso, ta matso, sannan ta wuce ta gefe ko ta tsaya. Waɗanda suka yi shekaru a rami sun san ma'anar wannan ƙarar sarai.

A sama, kamfanin San Esteban mai mahaƙar ba shi da kuɗi ko kayan aikin ceto irin wannan, sai gwamnati ta karɓe ragamar. Ministan ma'adinai Laurence Golborne ya tare a wurin, aka ɗauko André Sougarret, injiniyan da a lokacin ke kula da mahaƙar El Teniente ta kamfanin gwamnati Codelco, ya jagoranci aikin. Iyalai suka kafa tantuna a bakin ƙofa suka ƙi tashi, kuma zamansu a wurin ya hana kowa tunanin a naɗe tabarma a ce an yi iya ƙoƙari. Da hanyar mota da ramin iska suka gagara, abin da ya rage shi ne a huda ƙananan ramuka daga saman tsauni, masu faɗin santimita 15 ko kusa da haka, irin na rijiyar burtsatse, a nemi mafakar.

A nan ne wahalar take, kuma lissafinta mai sauƙi ne. In bakin haƙa ya kauce da digiri ɗaya tak, a zurfin mita 700 zai sauka mita 12 nesa da inda aka nufa. Ɗaki mai murabba'in mita 50 kuwa, in kusurwoyinsa daidai suke, kowane gefe mita 7 ne kawai. Ke nan kuskuren da aka yarda da shi bai kai sulusin digiri ba. Bututun haƙa guntu-guntu ne ake ɗaurawa, fiye da ɗari kafin a kai wannan zurfi, kuma ƙarfe mai tsawon haka lanƙwasa yake kamar tsumagiya. Juyawar bakin tana jan shi gefe guda, in ya gamu da jijiyar dutse mai tauri ya zame ta gefenta, in ya faɗa tsohon kogo ya ɓace gaba ɗaya. Injinan da ke aiki da guduma da matsin iska suna da sauri amma suna kaucewa. Masu haƙoran lu'ulu'u sun fi bin layi amma a hankali suke tafiya, ga shi kowace rana tana da tsada ga masu jin yunwa. Aka jera injina da dama lokaci guda. Lokaci-lokaci sai a tsayar da haƙa a zura na'urar auna karkata, a ga inda ramin ya nufa, masu haƙa su koyi yadda wannan dutsen ke jan bututu, su fara rami na gaba a karkace da gangan domin lanƙwasar ta kai shi inda ake so.

Wani abin takaici shi ne taswirar mahaƙar ba ta dace da abin da ke ƙasa ba. Ana auna wuri da matuƙar kulawa, alhali wurin ba ya nan inda takarda ta ce. Ranar 19 ga Agusta wani rami ya kai zurfin da ake sa ran samunsu bai taɓa komai ba. A ranar jikin mutane da yawa ya yi sanyi.

Da asubahin Lahadi, 22 ga Agusta, bakin wani injin ya faɗa fili a zurfin mita 688, a kan hanyar motar, kimanin mita 20 daga mafakar. Mutanen suka rufar masa. Suka riƙa dukan bututun da ƙarfe don a ji a sama, suka shafa masa jan fenti, suka ɗaura takardu a jikinsa. Ciro bututun ya ɗauki sa'o'i, ana kwance shi guntu bayan guntu. Da na ƙarshe ya fito, aka ga fentin, aka ga wasiƙar da Mario Gómez ya rubuta wa matarsa, aka kuma ga wata 'yar takarda da José Ojeda ya rubuta da jan alƙalami cewa suna lafiya a mafaka, su 33. Ojeda tsohon ma'aikacin rami ne, ya san abin da mai ceto ke buƙatar ji: halin da ake ciki, wurin da ake, da adadin mutane.

Wanda bai san aikin ba zai ce a tura musu abinci su ci su ƙoshi. Da an yi haka da an iya kashe wasu. Jikin da ya yi makonni babu abinci, gishirin cikinsa sun ragu, musamman fosfet da fotashiyam da magneziyam, ko da gwajin jini bai nuna ba. In aka ba shi abinci mai sitaci ko sukari da yawa farat ɗaya, sinadarin insulin zai tashi ya kwashe ɗan abin da ya rage a jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki. Sai bugun zuciya ya rikice, numfashi ya gaza, mutum ya faɗi bayan an ɗauka ya tsira. An ga haka a fursunonin da aka 'yanto daga sansanoni a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Likitocin Chile sun san wannan. Abin da aka fara turawa ruwan gulukos ne mai sauƙi da maganin kare ciki daga gyambo, sai ruwan gishiri da sukari da bitamin, a kurɓa kaɗan-kaɗan bisa lokaci. Sai bayan kwanaki aka kai ga abinci mai tauri, ana ƙara kalori mataki-mataki.

Duk abin da zai sauka sai ya shige wani bututun roba mai tsawon mita ɗaya da rabi, wanda faɗin cikinsa bai kai santimita 10 ba. Sun laƙaba masa suna kurciya. Saukarsa kan ɗauki kusan sa'a guda, kuma ba a tsayawa dare da rana. Ta nan aka tura ruwa, magani, tufafi, wasiƙu, wayar tarho, kyamara, har da gadajen kwana da aka wargaza su gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a ƙasa. Aka sake huda wasu ramuka biyu, ɗaya ya ɗauki iska da ruwa da wayoyin sadarwa. Yonni Barrios, wanda ya ɗan koyi aikin jinya saboda kula da mahaifiyarsa, shi ya zama hannun likitoci a ƙasa: yana auna hawan jini, yana ɗibar samfuri, yana yi wa 'yan'uwansa allurar rigakafi. Cutar da ta fi damunsu ita ce ta fata, irin wadda danshi da zafi ke haifarwa, da ciwon haƙori.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta turo mutum huɗu, likitoci biyu, masanin halayyar ɗan Adam ɗaya da injiniya ɗaya, saboda ta saba da mutanen da ke zaune a keɓe na tsawon watanni. Shawararsu ba ta wuce abin da hankali zai ɗauka ba: a raba dare da rana da fitila, a kafa lokacin barci da na aiki, kada a yi musu alkawarin ranar da ba a da tabbas a kanta. Shi ya sa aka gaya musu gaskiya tun da wuri, cewa aikin zai iya kai wata uku zuwa huɗu, wato har Kirsimeti. Faɗin lokaci mai tsawo a zo a gama da wuri ya fi faɗin gajere a yi ta ɗagawa. Aka raba su rukuni uku, kowane yana aikin sa'a takwas. José Henríquez yana jan su addu'a kullum, Edison Peña yana gudun motsa jiki a cikin ramuka. An samu tsamin dangantaka da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu a sama kan tace wasiƙun iyali, kuma a nan ina ganin mahaƙan ke da gaskiya: mutanen da suka riƙe kansu kwana 17 babu taimakon kowa ba yara ba ne da za a zaɓar musu abin da za su karanta.

Saura babban rami wanda mutum zai shige. Sougarret bai dogara da hanya ɗaya ba, ya sa injina uku masu aiki iri daban-daban su yi tsere, domin abin da zai tsayar da ɗaya kada ya tsayar da sauran. Na farko, Strata 950, ya fara a ƙarshen Agusta. Irinsa a ƙa'ida yakan huda siririn rami zuwa ƙasa, a ɗaura masa babban baki a can, ya jawo shi sama yana faɗaɗawa. A nan babu hanyar kai babban bakin ƙasa, dole ya faɗaɗa daga sama, ga shi mai tafiyar hawainiya ne ko da yake yana bin layi. Na uku, RIG-421, injin haƙar man fetur ne na wani kamfanin Kanada, wanda aka kawo a manyan motoci kusan 40, ya fara ranar 19 ga Satumba. Yana da ƙarfi, amma an ƙera shi ne don dutse mai laushi irin na rijiyoyin mai. A wannan dutse mai tauri ya riƙa kaucewa ana dawo da shi, bai wuce mita 372 ba.

Na biyu shi ya kai. Schramm T130 inji ne da ke kan mota, wanda aka saba haƙa rijiyoyi masu zurfi da shi. Dabarar ita ce kada ya nemi hanya da kansa: ya bi ɗaya daga cikin ƙananan ramukan da suka riga suka isa, mai faɗin santimita 14, wanda ya sauka a garejin gyaran motoci na cikin mahaƙar, a zurfin mita 620 da 'yan kai, sama da mafakar kaɗan. Da haka matsalar saiti ta kau. Aka faɗaɗa shi sau biyu, daga 14 zuwa 30, sannan daga 30 zuwa 66. Bakin da ya yi faɗaɗawar ƙarshe, na kamfanin Center Rock da ke jihar Pennsylvania, guduma huɗu ne a haɗe cikin kai ɗaya, iska mai matsi tana buga su suna niƙa dutse. Babban mai tuƙa injin, Jeff Hart, Ba'amurke ne da aka ɗauko daga Afghanistan inda yake haƙa wa sojojin ƙasarsa rijiyoyin ruwa. A tsaye yake aiki, ƙafarsa a kan injin, domin daga rawar ƙarfen yake gane abin da bakin ke ci a ƙasa tun kafin agogon matsi ya nuna.

Bin tsohon rami yana da nasa sharrin. Ramin a karkace yake, wajen digiri 82 maimakon 90, kuma yana da lanƙwasa, babban bakin kuwa dole ya bi kowace. 'Yan kwanaki da farawa, a zurfin mita 268, bakin ya ci karo da ƙarafan da aka kafa a rufin wani tsohon rami don tallafe dutse, ya farfashe. Guduma tana niƙa dutse amma ba ta niƙa ƙarfe, kuma muddin guntun ƙarfe yana cikin ramin, duk sabon bakin da aka zura zai lalace. Kwanaki aka yi ana kamun guntayen da maganaɗisu da wani bututu mai haƙora da ke rufewa a kan abin da ya kama. Da wannan bai yi ba, da sai an watsar da ramin.

Akwai kuma aikin da mahaƙan suka yi da kansu, wanda ba a cika ambata ba. Tun da ramin a buɗe yake ta ƙasa, dutsen da ake niƙawa ba sama yake fitowa ba, gangarawa yake ya zube a garejin. Rami mai faɗin santimita 66 da tsawon fiye da mita 600, in aka lissafa, dutsen cikinsa ya kai wajen tan 600. In aka bar shi ya taru zai toshe bakin ramin daga ƙasa. Su ne suka riƙa kwashe shi da motocin ɗibar ƙasa da suka rage musu, rukuni bayan rukuni, suna kuma gaya wa na sama ta tarho abin da suke gani yana faɗowa. Faɗaɗawar farko ta isa ranar 17 ga Satumba, ta biyu da safiyar 9 ga Oktoba.

Daga nan aka yi muhawara kan ko a sa wa ramin bututun ƙarfe daga sama har ƙasa don kada dutse ya ɓalle ya maƙale kejin. A ido wannan ya fi aminci. Amma bututu miƙaƙƙe ne, ramin kuwa lanƙwasasshe; in guda ya cije a tsakiya, an toshe hanyar da aka yi wata guda ana haƙawa. Aka zura kyamara aka duba bangon, aka ga ƙasan dutse ne lafiyayye, saman ne kawai yake da tsage-tsage. Sai aka sa bututun a mita 56 na farko aka bar sauran.

Kejin, mai suna Fénix 2, ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta sojojin ruwan Chile ce ta ƙera shi. Faɗinsa santimita 54, tsawonsa kusan mita 4. Yana da ƙananan tayoyi sama da ƙasa masu lotsawa su bi bango, da tukwanen oksijin, da na'urar magana. Ƙasansa yana buɗewa, ta yadda in ya cije a hanya mutum zai iya sauka da igiya ya koma inda ya fito. Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne suma. Mutumin da ya tsaya cak a wuri matsattse, jini yana taruwa a ƙafafunsa. In ya suma a fili faɗuwa yake yi jinin ya koma kai, a cikin kejin kuwa babu wurin faɗuwa. Don haka aka sa musu safa mai matse ƙafa da ɗamara mai matse ciki, aka ba su asfirin don kada jini ya daskare, aka mayar da su kan abinci mai ruwa-ruwa sa'o'i kafin tafiya saboda kejin yana juyawa a hanya kuma amai a ciki haɗari ne. Aka ba su baƙin tabarau saboda idon da ya yi wata biyu bai ga rana ba, da rigar sanyi saboda daga zafin digiri 30 za su fito cikin sanyin daren hamada.

An yi ta gwada kejin babu kowa a ciki, sannan Manuel González na Codelco ya fara sauka a daren 12 ga Oktoba. Masu ceto shida ne suka shiga gaba ɗaya. Jerin fitowa ma da hikima aka tsara shi. Na farko-farko masu lafiya ne da natsuwa, waɗanda in wani abu ya lalace za su iya jurewa su kuma bayyana abin da suka gani. Sai marasa lafiya da masu shekaru, irin su Gómez mai ciwon huhu na ƙurar dutse. Masu ƙarfin zuciyar jira su ne a ƙarshe. Florencio Ávalos ya fito jim kaɗan bayan sha biyun dare, ranar 13 ga Oktoba. Tafiyar farko-farko ta ɗauki kusan minti 15, da aka ga ramin lafiya lau aka ƙara sauri, ana tsayawa lokaci-lokaci a duba tayoyi da ƙofar kejin. Urzúa ne na 33, ya fito wajen ƙarfe goma saura na dare, ya miƙa wa shugaban ƙasa aikin, yana fatan kada a sake ganin irin wannan. González ne ya bar ramin a ƙarshe.

Aikin ya ci kusan dala miliyan 20. Piñera ya kori manyan jami'an hukumar sa ido kan ma'adinai, Sernageomin, tun a makon farko, aka kuma rufe ƙananan mahaƙu da dama da ba su cika ƙa'ida ba. Mahaƙan sun zaga duniya na ɗan lokaci, daga baya da yawansu suka koma fama da rashin barci, firgita da rashin aikin yi, wasu kamfanoni suna gudun ɗaukarsu, wasunsu kuma suka koma rami domin shi ne sana'ar da suka iya. A watan Agusta 2013 masu gabatar da ƙara suka rufe bincike ba tare da tuhumar kowa ba, ko masu mahaƙar ko jami'an da suka ba da izinin sake buɗe ta, suna cewa babu isasshiyar hujja. Mutum 31 daga cikinsu suka kai gwamnati ƙara kan sakacin hukumominta. Sai a 2023, shekara 13 bayan ruftawar, Kotun Ƙolin Chile ta tabbatar musu da diyyar peso (kuɗin Chile) miliyan 40 kowanne, rabin abin da kotun farko ta yanke.